Baftismar da Aka Hana Inna

Yanzu a bayan cocinmu ake yin baftisma, cikin wani kwami na siminti da aka shafe da shuɗin fenti. Ranar Asabar a kira 'yan ga-ruwa su juye jarkoki har ruwan ya kai ƙugu, ranar Lahadi a jera yara cikin fararen kaya a riƙa tsoma su ɗaya bayan ɗaya, 'yan uwansu na tsaye da wayoyi suna ɗaukar hoto. Kafin la'asar an zare toshiya, ruwan ya bi lambatu. Ni ba na zuwa kallo. Jikokina sun ɗauka ciwon gwiwa ke hana ni, na kuwa bar su a haka. Haushi nake ji, kuma haushin ba na yau ba ne. Mutum ya shigo coci wata biyu, ko sunan dattawa bai gama sani ba, an tsoma shi, an miƙa masa takarda mai hatimi. In an tashi kuma samarin su zauna gindin dogon yaro suna musu, wannan ya ce in ba a shiga ruwa ba babu ceto, wancan ya ce bangaskiya ta isa, ruwa shaida ce kawai. Kowa na latsa waya yana jawo aya, ana shewa ana tafa hannu kamar masu gardamar ƙwallo. A cikinsu babu wanda ya taɓa zama kusa da mai mutuwa yana jin wannan tambayar daga bakinsa.

Lokacin da nake budurwa mu kaɗan ne a Illela. Gidaje ne da ba su fi a ƙirga da yatsu ba, sai wasu ma'aikata baƙi da ake kawowa bakin iyaka, su yi shekara biyu a ɗauke su. Cocin ɗaki ne na laka a gefen gari, ta hanyar Amarawa, ƙararrawarmu kuwa tsohon ƙarfen ƙafar mota ne da aka rataye a jikin aduwa. Baftisma sau ɗaya ake yi a shekara, bayan damina, in tafkin Kalmalo ya cika ya batse. Fasto yakan zo daga nesa don ita kaɗai. Da sassafe mu ɗauki hanya a ƙafa, mata na gaba da tulunan kiɗa da caki, maza na baya, raɓa na jiƙa mana bakin zane. A bakin tafki mu tarar da masunta kwance kan gorunansu, mata na wanki, Fulani sun kawo shanu shan ruwa. Duk sai su dakata su zuba mana ido, su ce yau ranar wankan 'yan mishan ce. Ba mai jifan mu, ba mai taya mu. Fasto ya shiga har ƙirji yana dogara sanda saboda taɓo, a riƙa miƙa masa mutane. Duk wanda ya fito, mata su rufe shi da zane su ɗauki guɗa, tsuntsaye su tashi daga cikin ciyawa. Ni ma a nan aka yi mini, na fito da laka har gwiwa ina rawar sanyi, ina jin duk duniya ba wanda ya kai ni.

Inna, mahaifiyata, tana bakin gaɓa ranar, ita ce ta rufe ni da zane. Ubana ya riga mu shiga wannan hanya. Ya yi jinya a wani asibitin mishan tun kafin a haife ni, ya dawo da sabon addini, danginsa na ƙetaren iyaka suka zare hannunsu daga kansa. An yi masa baftisma a wannan tafkin, ya rasu ina 'yar shekara goma sha wani abu. Inna ta daɗe tana bin sa coci don kunya kawai, sai bayan ya tafi abin ya shige ta da gaske. Masa take toyawa. Ƙarar ƙullu a tanda ita ke tashe ni kowace safiya, da muryarta tana addu'a da ƙarfi tana juya masa da tsinke, tana yi wa Yesu bayanin tsadar gero da ciwon bayanta kamar maƙwabcin da ya leƙo ta katanga. Ba ta san ko baƙi ɗaya na karatu ba. In na yi mata dariya sai ta ce, "Ke karanta naki, ni ya san muryata." Amma a coci akwai layin da ba a zana ba, kowa kuma ya san inda yake. Ranar Jibin Ubangiji, in an gama wa'azi, sai a ce waɗanda ba su da baftisma su fita. Inna ta tattara zanenta ta fita tare da ƙananan yara, ta zauna gindin aduwa tana jin mu ta taga. Ni 'yarta ina ciki ina karɓar gurasa.

Mai bisharar da ke riƙe da mu sunansa Malam Ishaya. Ba zan ce mugu ne ba, don na ga ya tuƙa keke har Lafani cikin zafin rana don ya gaida marar lafiya. Amma mutum ne da doka ta fi masa daɗin riƙo fiye da mutane, kuma har yau in na tuna yadda yake gyara tabarau kafin ya ce a'a, sai haushinsa ya dawo mini sabo. Shi ke koyar da ajin baftisma, shi da dattawa biyu ke yi wa mutane tambayoyi kafin fasto ya iso. Shekarar da muka shiga tare da Inna, ni na amsa komai tiryan-tiryan, don a littafin aji na haddace. Ita kuwa da suka zaunar da ita a benci, maza uku suna fuskantar ta, sai duk abin da na yi wata da watanni ina cusa mata ya gudu. Malam Ishaya ya ce, "Mi an nuhin baftisma?" Ta murza bakin mayafi ta ce, "Wanka na, irin wanda mai gidana yay yi. Ina son in tahi inda yat tahi." Suka dubi juna. Aka ce ba ta gane ba, tana tsammani ruwa ke ceton mutum, ta sake shekara a aji.

Ta sake. Shekara ta biyu ta amsa daidai, don na koya mata kalma-kalma tana maimaitawa a bakin tanda har masu sayen masa suka haddace tare da ita. Sai aka fito da wata maganar. Kasuwar Illela ranar Lahadi take ci, ranar da fatake da masu shanu ke kwararowa daga ƙetare, ranar da mai masa ke samun abin da za ta ci mako da shi. Inna takan je sujada da safe, ana tashi ta ɗauki tanda sai kasuwa. Kowa ya san da haka shekara da shekaru, matan dattawan ma sun sha aiko yara karɓar masa a wurinta da yamma. Amma da aka zo kan baftisma sai abin ya zama karya ranar Ubangiji. Aka ce ta bar kasuwar Lahadi shekara guda a gani. Ta bari. Na ga yadda tuwonmu ya ragu, na ga ta sayar da akuyarta, ban taɓa jin ta zagi kowa ba. Ni ce nake zagi a madadinta, a cikin ciki, don a fili ni 'yar kirki ce mai jan waƙa a coci.

Shekara ta uku suka ce ta ci. Ta dawo gida tana dariya kamar yarinya, ta sa aka ɗinka mata farin zane ta ninke a ƙasan adaka. Sai damina ta ƙi. Aka yi ruwa biyu uku, gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Tafkin Kalmalo ya ja da baya, ya ja, har ya koma taɓo mai wari, daga nan ya tsattsage, mutane suka riƙa ratsa tsakiyarsa da jakuna. Masunta suka rataye gorunansu suka tafi cin rani. Aka aiko cewa fasto ba zai zo ba bana, sai ruwa ya dawo. Inna ta ce ba komai, wadda ta jira uku za ta jira huɗu. Amma da bazara ta shigo tari ya kama ta, ƙafafunta suka kumbura, tanda ta yi sati biyu ba a ɗora ta ba. Daga nan ta daina cewa ba komai. In na juya ta a tabarma sai ta kama ni da tambaya, ko an ji labarin hadari a gabas, ko rijiyar lambu ba za ta isa a tsoma mutum ba.

Muna da maƙwabciya da muke kira Madan, matar wani bakanike, 'yar mutanen kudancin ƙasar Faransa ce kamar yadda muke cewa a lokacin, wato daga can wajen Dahomey, sun zauna Ƙonni kafin su tsallako. Ita ta mutanen Fada ce, wato 'yar Katolika, can ƙetare take zuwa sujada, kuma an sha ja mana kunne a kan irin koyarwarsu. Ita ke kawo wa Inna kunu. Wata safiya ta same ta tana kuka a kan maganar, sai ta aje kwano ta ce, "Inna, mi kike ma kuka? Wurinmu in mutum na bakin mutuwa, kowa na iya zuba mai ruwa ga kai, da sunan Uba da Ɗa da Ruhu. Ko macce, ko yaro. Ludayi guda ya isa. Ni da na yi miki, amma mutanenku za su ce na sace ki. Ga ɗiyarki nan." Ta faɗi haka ta tafi abinta, ta bar ni da idon Inna a kaina.

Hantsi ya yi, zafi ya fara sauka. Na kawo mata ruwan sha a ƙaramar ƙwarya na aje kusa da kanta. Ta kama bakin zanena.

"Zuba min," ta ce.

Na ce, "Inna, wanga ba namu ba na."

"Ruwa na. Zuba min, ɗiyata. Ba ni kai damana."

Na san gaskiya ta faɗa, don numfashinta ya riga ya canza tun daren jiya. Amma an sa ranar aurena bayan kaka, kuma duk wanda aka sa wa horo ba a ɗaura masa aure a coci. Na hango kaina a tsaye gaban jama'a ana karanta laifina, na hango uwar mijin da zan aura tana taɓe baki. Abin da ya tsaya mini ke nan, ba wata aya ba. Na ce, "Bari in tahi in tambayi Malam. In ya yarda, yanzu in dawo."

Ta ce, "Malam mi? Shekara ukku ina tambayar Malam."

Na zare zanena daga hannunta a hankali, na ce ba zan daɗe ba.

Na same shi a bayan gidansa kan tsani, yana gyaran jinkar rumbu. Na gaishe shi, ya amsa bai sauko ba, sai da ya gama ɗaure igiyar da ke hannunsa, ya jaraba ta, ya ƙara wani ƙulli. Sannan ya sauko ya kakkaɓe riga ya ce, "Lahiya?"

Na faɗa masa. Ya gyara tabarau.

"Da wane ruwa? Tabki ya ƙahe. Kuma ni ba fasto ba na, balle ke."

"Madan ta ce ko ludayi guda..."

"Madan." Ya maimaita sunan kamar ya tauna tsakuwa. "Yayyahi aikin mutanen Fada na. Baftisma nutsarwa ta, a binne mutum cikin ruwa shi tashi. Abin da ba haka ba wasa na." Sai ya sassauta murya, ya ce in koma in kwantar mata da hankali, ruwa ba ya ceton kowa. Ya kawo mini zancen ɓarawon nan da aka gicciye kusa da Ubangiji, wanda bai ga ko ɗigon ruwa ba aka yi masa alkawarin Firdausi. Ya ce Inna ta ba da gaskiya, ceto nata ne tun tuni.

A ranar na fara ɗaga wa babba murya. Na ce, "In nata na tun tuni, don mi kuka hidda ta waje duk ranar Jibi? Don mi kunka hana ta kasuwa? Kun ce ruwa ba komi ba na, kun sa ta shekara ukku tana bara tai. Wa za shi yarda da ku?"

Bai yi fushi ba, da ma ya yi da na fi jin daɗi. Ya ce tsari ne na ikilisiya, in aka buɗe wa mutum ɗaya ƙofa gobe kowa zai zo da ludayinsa. Ya ce in rana ta yi sanyi zai zo ya yi mata addu'a. Ya juya ya kama tsaninsa.

Na dawo ina tafe ina shirya yadda zan gaya mata zancen ɓarawon, ina gyara kalmomi don su yi daɗin ji. Har na tsaya a rijiya na wanke ƙafa, saboda ba na son shiga da wuri. Da na ɗaga asabari na tarar da ɗakin shiru. Ta ja jiki ta sauka daga tabarma, ta kwance ɗankwalinta ta aje gefe. Ƙwaryar na kife kusa da kafaɗarta. Furfurarta a jiƙe take sharkaf, ruwa ya gangaro ta goshi da kunne ya taru a ramin wuyanta, sauran ƙasa ta shanye. Bakinta a ɗan buɗe. Ban san abin da ta faɗa ba lokacin da take zubawa, ban san ko ta tuna sunayen uku a jere ba, ko numfashi ya bar ta ta gama. Babu kowa a wurin da zai gaya mini.

Madan ce ta fara shigowa da ta ji kukana. Ta dubi kan Inna, ta dubi ƙwarya, ta rungume ni ta ce, "Kin kyauta, ɗiyata, kin kyauta." Na bar ta a kan cewa ni na zuba. Mata suka taru. Kafin a ɗauke ta a yi mata wanka Malam Ishaya ya iso da littafinsa a hammata, rana ta yi sanyi kamar yadda ya ce. Ya tsaya bakin ƙofa, idonsa ya sauka kan jiƙaƙƙen gashin. Bai ce sannu ba, bai ce Allah ya ba da haƙuri ba. Abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne, "Wa yaz zuba mata?"

Na san abin da zai biyo baya in na faɗi gaskiya. Zai ce a gaban matan nan ba mai yi wa kansa baftisma, zafin ciwo ne ya juya mata kai, kuma haka za a riƙa ba da labarinta, tsohuwar da ta ruɗe ta yi wa kanta wanka da ruwan sha. Na ɗaga kai na ce, "Ni ta, Malam."

Washegari a bakin kabari ya yi wa'azi mai kyau a kan ɓarawon nan, ya ce 'yar'uwarmu tana wurin Ubangiji ko da ruwa ko ba ruwa. Mutane suka yi ta gyaɗa kai. Ina tsaye ina kallon bakinsa, ina tunanin sau nawa ya wuce ta gindin aduwa a shekara ukun nan bai tsaya ya gaya mata haka ba. Lahadin da ta biyo aka tsayar da ni gaban jama'a, aka karanta laifina, aka ba ni horon wata shida. Aka ɗaga auren, uwar mijin ta taɓe bakin da na hango, daga baya dai aka yi. Duk abin da na ji tsoro ya same ni, bai kuwa kashe ni ba. Damina ta gaba tafki ya cika har ya ci gonakin bakin gaɓa, aka tsoma mutum tara, aka yi guɗa. Ban je ba.

Malam Ishaya ya tsufa ya mutu ban yafe masa ba, kuma na san abin da addinina ya ce a kan haka, ba sai wani yaro mai waya ya karanta mini ba. Na yi shekaru ina sauraron masu cewa dole ne da masu cewa ba dole ba, kowane ɓangare da ayoyinsa, kowane da tsayin wuyansa. In ka matsa mini, zan ce ban yarda Allahn da ya saurari Inna a bakin tanda zai rufe mata ƙofa saboda tafki ya ƙafe ba. Amma ita ba ta mutu da wannan tabbacin ba, mu muka cire mata shi, kowa da irin nasa hannun.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne labarin ya ƙi mutuwa. Matan zumunta sun riƙe shi, uwa ta ba 'ya, 'ya ta ba jika. In an yi baƙi a kan nuna ni a ce ga wadda ta tsaya wa mahaifiyarta, ta yi mata baftisma da ƙwarya a shekarar fari, ta ɗauki horo ba ta sunkuyar da kai ba. Wata jikata har ta ce in ta haifi mace sunana za ta sa mata saboda wannan. Nakan yi murmushi in ce a bar tuna baya. Shekara hamsin da wani abu ina karɓar wannan yabo ina haɗiyewa. Inna ta roƙe ni sau biyu, ƙwaryar na nan tsakanina da ita, ko taku ɗaya babu. Na zare zanena na tafi neman izini, ta ɗaga ta da hannunta ita kaɗai.